Saƙon da aka ce ba shi da iyaka

A takardar ƙa'idar da aka gina FidoNet a kanta, wadda ake kira FTS-0001, kusan komai an auna shi an yanka. Sunan mai aikawa gurbin bayit 36 aka ba shi, sunan mai karɓa shi ma 36, taken saƙo 72, kwanan wata da lokaci 20. Da aka zo kan jikin saƙon, wato abin da mutum ya zauna ya rubuta, sai takardar ta saki linzami: ta ce rubutun ba shi da iyaka, a ci gaba har inda aka ga dama, a rufe da bayit ɗin sifiri. Amma duk wanda ya yi mu'amala da wannan hanyar sadarwa a shekarun 1980 da 1990 ya san cewa saƙon da ya kai shafi takwas ko goma yana iya isa wutsiyarsa a gutsure, ko ya iso gida uku, ko kuma kada ya iso sam, ba tare da an gaya wa wanda ya rubuta shi komai ba. An saba ɗora laifin a kan ƙanƙantar kwamfutocin zamanin, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai a ganina babban aibin yana cikin takardar ne. Da ta ce babu iyaka, iyakar ba ta gushe ba, ɓuya kawai ta yi, ta warwatsu cikin manhajoji da yawa, kowacce da tata, kuma babu wanda aka wajabta wa ya faɗi tasa. Ƙaramar iyaka da kowa ya sani ta fi babbar iyaka da sai saƙo ya lalace ake gano ta.

Sai an fara da yadda wasiƙa take tafiya a wancan lokaci. Allon sanarwa na kwamfuta, wanda aka fi sani da BBS, ya fara ne a Shikago a watan Fabrairun 1978, lokacin da Ward Christensen da Randy Suess suka haɗa kwamfuta da layin tarho, mutum ya buga lamba da modem ɗinsa ya karanta abin da aka bari, shi ma ya bar nasa. Kowane allo zaman kansa yake yi, har zuwa 1984 da Tom Jennings ya koya wa manhajarsa mai suna Fido ta riƙa kiran 'yan'uwanta da dare, lokacin da kuɗin kiran nesa ya fi sauƙi, su miƙa wa juna wasiƙu, abin da ya zama FidoNet. A 1986 Jeff Rush ya ƙara abin da suka kira Echomail, wato zauren tattaunawa na gama-gari, inda saƙon da aka rubuta a allo ɗaya yake bayyana a duk allunan da ke ɗauke da wannan zaure. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 tashoshin da ke cikin jerin FidoNet sun kusa 40,000, an raba su shiyya shida, Afirka ita ce ta biyar. Ba layin da ke buɗe dare da rana tsakaninsu. Tasha tana tara saƙonni, ta ƙunshe su, ta matse ƙunshin da ARC ko ZIP, ta kira ta gaba ta sauke mata, ta kashe waya. Ta gaban ta kwance ƙunshin, ta ajiye wa masu karatunta kwafi, ta sake ƙunshewa ga waɗanda ke bayanta. Mafi yawan masu tashoshin nan 'yan sa-kai ne, daga aljihunsu suke biyan kuɗin waya, kuma kowa da manhajar da ya zaɓa.

Wannan kwancewa da sake ƙunshewa ita ce mahaifar matsalar. Aikin yana hannun wata ƙaramar manhaja mai rarraba saƙo, irin su Squish da FastEcho da GEcho da FMail, kuma tsarin saƙon bai sauƙaƙa mata ba ta fuska biyu. Na farko, a cikin ƙunshi babu gurbin da ke faɗin tsawon saƙo. Manhajar ba ta san ko layi biyar ne ke tafe ko layi dubu biyar ba, sai ta karanta bayit bayan bayit har ta ci karo da sifirin da ke rufe shi. Na biyu, bayanan da take bukata don yanke shawara sun rabu gida biyu. Sunan zaure yana layin farko, bayan kalmar AREA. Jerin tashoshin da suka riga suka ga saƙon, wanda kowane layinsa ke farawa da SEEN-BY, yana can ƙarshe, bayan layin da ke nuna allon da saƙon ya fito, sannan layukan PATH masu nuna hanyar da ya biyo. Manhajar ba za ta san wa za ta miƙa wa saƙon ba sai ta kai ƙarshensa, kuma kafin ta miƙa dole ta ƙara sunayen sababbin tashoshi a wannan jeri. Hanya mafi sauƙi ga mai rubuta manhaja ita ce ya ware wani yanki na ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya zuba saƙon gaba ɗaya a ciki, ya gyara, ya fitar. Girman wannan yanki da ya ware shi ne iyakar saƙo a tasharsa, ko ya faɗa ko bai faɗa ba.

Alƙaluman da suka yi ta maimaituwa a wannan fage ba daga sama suka faɗo ba. Injin Intel 8088 da ke cikin IBM PC yana kallon ƙwaƙwalwa ne yanki-yanki, kowane yanki kilobayit 64, don haka duk wani abu guda da ya wuce wannan girma yana bukatar dabara ta musamman kafin a riƙe shi. Tsarin DOS ya bar wa manhajoji kilobayit 640 ne gaba ɗaya, kuma sau da yawa manhajar rarrabawa tana tashi ne yayin da wata manhajar ke zaune a ƙwaƙwalwar tana jiran ta gama. Lambar da aka ajiye a bit 16 ba ta wuce 65,535, idan kuma an bar mata damar zama ƙasa da sifiri to a 32,767 take tsayawa. Daga nan ne kilobayit 64 da 32 suka fito, su kuma 16 da abin da ke ƙasa da shi rabon da mai manhaja ya ga zai iya sadaukarwa ne ba tare da ya rasa wurin sauran aiki ba. Wasu manhajojin daga baya sun bar mai tasha ya zaɓi girman yankin da kansa. Wannan ci gaba ne ga tasha ɗaya, amma ga hanyar gaba ɗaya ƙarin ruɗani ne, domin yanzu tashoshi biyu masu manhaja iri ɗaya ma suna iya bambanta, kuma maƙwabcinka bai san abin da ka zaɓa ba.

Manhajar rarrabawa ba ita kaɗai ke da shinge ba. Ma'ajiyar saƙonni ta Hudson, wadda ta zo da QuickBBS kuma RemoteAccess ya gada, tana yanka rubutu gunduwa-gunduwa na bayit 256, tana ƙirga gunduwoyin da lamba mai bit 16. Idan aka ninka 65,536 da 256 za a sami megabayit 16, kuma wannan shi ne iyakar rubutun duk zaurukan allon a haɗe, waɗanda su ma ba sa wuce 200. Mai allon da ke ɗauke da zauruka masu cunkoso yana da dalili mai ƙarfi na ƙin dogon saƙo, don kowane ɗaya yana korar gajeru da yawa. Editan da mai kira ke rubutu a ciki shi ma yana da nasa adadin layuka, a wasu allunan bai kai ɗari ba. Sannan ga QWK, tsarin da Mark Herring ya fito da shi a 1987 don mutum ya kwashi saƙonninsa, ya kashe waya, ya karanta a natse. Manhajojin karanta shi kowacce da inda take yankewa ta ce a ci gaba a saƙo na gaba. Lamarin ya zama kamar direban babbar mota da ya ɗaura kaya a tasha, zai bi ta ƙarƙashin gadoji shida waɗanda ba a rubuta tsayin ko ɗaya ba, kuma hanyar da zai bi yau ba lalle ita zai bi gobe ba. Gadar da ta fi kowacce ƙasa ita ke yanke hukunci, shi kuwa ba zai san da ita ba sai kayan sun taɓa ta.

Akwai wani abu da ya ƙara dagula lissafin, wanda ba kasafai ake kula da shi ba: saƙon zaure yana ƙara girma a kan hanya. Kowace tasha da ya ratsa tana ƙara lambobi a jerin SEEN-BY da na PATH, kuma a zaure mai tashoshi da yawa waɗannan layuka suna iya fin gajeren saƙo tsawo. Saboda haka saƙon da ya shiga ma'aunin tashar farko da ɗan sarari yana iya cika ya batse a tasha ta biyar, ko da dukkan biyar ɗin ma'auninsu ɗaya ne. Abin da ke biyo baya kuma ya danganta da halin manhajar da ya faɗa hannunta. Wata ta datse abin da ya yi saura. Wata ta jefa saƙon a wurin da take tara lalatattu. Wata ta ɗauki ƙunshin gaba ɗaya a matsayin ɓatacce ta ajiye shi gefe, saƙonnin bayin Allah da ba ruwansu su kwana tare da shi har sai mai tasha ya duba. Datsewar ita ce mafi muni, domin abin da ke wutsiya shi ne jerin waɗanda suka riga suka gani, kuma wannan jeri shi ne babban abin da ke hana saƙo komawa inda ya fito ya yi ta zagaye. A duk waɗannan halaye ba dokar da ta ce a sanar da marubucin. A allonsa saƙon cikakke ne, yana kallon sa.

Ɗaya daga cikin ƙoƙarin da aka yi a rubuce don magance wannan ya fito ne daga Afirka, kuma akwai dalili. A 1989 Jami'ar Rhodes da ke garin da a lokacin ake kira Grahamstown a Afirka ta Kudu ta fara musayar imel da ƙasashen waje ta hanyar FidoNet, tana kiran gidan Randy Bush a Portland ta Amurka, mutumin da sunansa ke kan FTS-0001. A 1990 Pat Terry na wannan jami'a ya gabatar da takarda mai lamba FSC-0047, inda ya nuna cewa manhajoji da dama suna tsayawa ne a wajen kilobayit 14, abin da bai ishi dogayen wasiƙun da ke shigowa daga wata hanyar sadarwa mai suna UUCP ba. Shawararsa ita ce a yanka babban saƙo gida-gida, a sa wa kowane yanki ɓoyayyen layi mai alamar SPLIT da ke faɗin ko shi ne na nawa cikin nawa, manhajar da ke can ƙarshe ta sake ɗinke su. Ga mai allo a Amurka, dogon saƙo galibi surutu ne ya yi yawa. Ga jami'a a Afirka, ko ga ƙungiyoyin da ke Nairobi da Harare da Dakar da Addis Ababa waɗanda a farkon shekarun 1990 suke samun imel ta manhajar Fido ta ƙofar GreenNet a Landan, dogon saƙo maƙalar bincike ce ko rahoton taro, kuma wannan hanya ita ce intanet ɗinsu. Takardar Terry ta tsaya a matsayin shawara, ba ta zama wajibi ba, don haka wanda manhajarsa ba ta san alamar ba sai ya ga guntaye, wani lokaci ba bisa jeri ba.

Mai musu na farko zai ce duk wannan dogon bayani ne a kan abu mai sauƙi: injinan ƙanana ne, da suka girma matsalar ta wuce. Shaidu ba su goyi bayan haka ba. Ko a kan 8088 ana iya sarrafa saƙo ba tare da an loda shi gaba ɗaya ba, a karanta shi sau biyu daga faifai ko a ratsa da shi ta fayil na wucin gadi. Ya fi jan lokaci, ya fi wuyar rubutawa, amma yana yiwuwa, kuma abin da ya sa da yawa ba su yi ba shi ne babu takardar da ta tilasta musu. Tsarin QWK ya ware gurbi shida don rubuta adadin gunduwoyin saƙo masu bayit 128, wanda a lissafi ya ba da damar saƙo ɗaya ya haura megabayit 120, amma masu karanta shi suna yankewa tun bai kai ko'ina ba. Ma'ajiyar Squish ta Scott Dudley da ta JAM da ta fito a 1993 sun koma lambobi masu bit 32, manhajojin rarrabawa sun sami nau'in OS/2 da na injin 386 da ba su san shingen kilobayit 64 ba, duk da haka al'adar taƙaita saƙo ba ta motsa ba. Dalilin a fili yake. Ƙarfin injinka bai amfane ka ba muddin akwai tsohuwar tasha guda a kan hanya, kuma ba ka da hanyar sanin ko akwai ta. Da iyakar a rubuce take, da an iya sanya ranar ɗaga ta. Da yake ba a rubuce take ba, ba wanda ya isa ya ce an ɗaga.

Musu na biyu ya fi nauyi, kuma dole a ba shi haƙƙinsa. Ana cewa iyakar ta yi amfani, domin ta kare aljihun masu tashoshi. A modem mai gudun bit 2,400 a daƙiƙa, haruffa kusan 240 ke wucewa kowace daƙiƙa, wato saƙo mai kilobayit 16 yana cin fiye da minti ɗaya kafin matsewa, mai 64 kuma kusan minti huɗu da rabi. A zaure na gama-gari wannan kuɗi ba sau ɗaya ake biyan sa ba, kowace mahaɗa da ke kiran nesa sai ta biya nata, kuma wanda ya rubuta saƙon sau da yawa bai biya ko sisi ba. Kundin dokokin FidoNet na 1989, Policy4, ya ginu ne a kan kada mutum ya dami jama'a fiye da kima, kuma ɗora wa wasu kuɗin jigilar kayanka yana cikin manyan nau'o'in damun. Duk wannan gaskiya ne. Amma iyakar ɓoye ba ta tsimin kuɗin. Tashar da ta datse saƙo ta riga ta biya kuɗin karɓar sa cikakke. Marubucin da aka gaya masa rabi ne ya iso zai sake aikawa. Masu son tura fayil cikin saƙo kuma ba su fasa ba, sun mayar da shi haruffa da uuencode, wanda ke ƙara masa fiye da kashi ɗaya bisa uku na girmansa, suka yanka shi gida goma, kowane yanki da nasa kan saƙo da nasa jerin SEEN-BY. Iyakar da ta yi aikin tsimi da gaske ita ce wadda mai kula da zaure ya rubuta a dokokin zaurensa yana maimaita ta duk wata, domin ita tana hana saƙon tashi tun daga tushe. Wannan kuwa hujja ce ga faɗin iyaka a fili.

Musu na uku shi ne cewa lambar da aka rubuta a ƙa'ida takan daskare ta fi zamaninta daɗewa, don haka hikima ce da ba a rubuta ba. Masu wannan ra'ayi suna da misalai a hannu. Gurbin suna na 36 da na take na 72 suna nan har yau a ƙunshin FidoNet. QWK ya ba suna da take gurbi 25 kacal, sai da aka yi ta ƙirƙiro faci irin su QWKE don a kewaye shi. Kuma da yake bayit ake ƙirgawa, zuwan UTF-8 ya ƙara matse gurbin ga duk wanda ba da zallar haruffan Ingilishi yake rubutu ba. A take na Hausa, kowace ƙ ko ɗ ko ɓ bayit biyu take ci, kuma manhajar da ta datse a tsakiyar harafi sai ta bar shara a ƙarshen layi. To amma waɗannan duk rufi ne, lambar da ta ce kada a wuce nan. Akwai wata irin lamba, wadda ke cewa kada a gaza nan, kuma ita ba ta daskarar da kowa. A watan Oktoban 1989 masu tsara intanet sun fitar da RFC 1123, wadda ta wajabta wa kowace manhajar imel ta iya aikawa da karɓar saƙo mai aƙalla kilobayit 64, ta kuma ƙarfafa a wuce haka nesa. An maimaita wannan ƙasan a ƙa'idojin SMTP, wato tsarin isar da imel, na 2001 da 2008. Bai hana imel girma ba: manhajar imel ta Postfix tana zuwa da iyakar bayit 10,240,000 idan ba a taɓa ta ba, Gmail yana barin a haɗa fayil har megabayit 25. Abin da lambar ta yi shi ne ta ba mai aikawa wani girma da zai dogara da shi ido rufe.

Za a iya cewa kwatancen bai yi adalci ba, domin a intanet injin mai aikawa yana magana kai tsaye da na mai karɓa, kuma tun 1993 aka ƙara wa SMTP umarnin SIZE, wanda da shi mai karɓa ke faɗin iyakarsa kafin a fara turo komai. FidoNet ba ta da wannan gata. Saƙon zaure ba shi da mai karɓa guda, yana bazuwa ne rassa-rassa, kuma tashar da za ta shaƙe da shi wataƙila sai bayan kwana uku zai isa gare ta. Wannan gaskiya ne game da ciniki tsakanin inji da inji, amma shi ya sa ma FidoNet ta fi intanet bukatar ƙasan da kowa ya yarda da shi, tunda shi ba ya bukatar a yi magana. Kuma ba a rasa wurin shela ba. Jerin tashoshi, wanda ake sabuntawa kowane mako a raba wa kowa, yana ɗauke da alamomi a gaban kowace tasha: irin modem ɗinta, ko tana karɓar wasiƙa dare da rana, irin buƙatun fayil da take amsawa. Jama'ar da suka iya sanar da juna duk mako wane ne ke da modem mai V.32bis ba su rasa dabarar sanar da wane ne ke shaƙewa a kilobayit 16 ba. Alamar ba za ta nuna hanyar da saƙon zaure zai bi ba, amma da ta nuna wa mai kula da yanki waɗanne tashoshi ne bai kamata a sa su a tsakiyar hanya ba.

Hujjar da na fi girmamawa ta shafi wa za a kora. Sharaɗin shiga jerin FidoNet shi ne tasharka ta iya abin da FTS-0001 ta ce, a cikin sa'ar da aka keɓe wa wasiƙa kowace rana. Da an rubuta a ciki cewa dole a iya ɗaukar kilobayit 64, da an rufe ƙofa ga mai tsohon inji, ga ɗalibi, ga ƙaramar ƙungiya a garin da kwamfuta mai faifai biyu ita ce dukiyar ofis. Arhar shiga ita ce ta kai FidoNet Rasha da Afirka da Kudancin Amurka tun kafin intanet ta isa ga talaka. Kwamitin ƙa'idojinta ma ya ɗauki aikinsa a matsayin rubuta abin da ake yi, ba umartar abin da za a yi ba, kuma ba shi da sandar dukan mai manhajar da ya ƙi. Na yarda ba za a iya kwafo lambar intanet a liƙa ba. Amma ƙasan ba dole ya yi tsawo ba. Da an ce kilobayit 8 ko 12 kowa sai ya ɗauka cikakke har da jerin da ke wutsiya, sannan abin da ya haura haka a yanka shi ta hanya guda da kowa ya sani, ko a mayar da sanarwa ga mai aikawa, da ba a kori kowa ba. Saƙon tes na wayar hannu ya nuna hakan na yiwuwa a wuri mafi ƙunci: bayit 140 ne, haruffa 160, su koma 70 da zarar an sa harafi irin ƙ, amma da yake yankawa da ɗinkewa suna cikin ƙa'idar GSM, wayoyin kamfanoni daban-daban suna haɗa guntayen juna, kuma yawancinsu suna nuna wa mai rubutu guda nawa saƙonsa ya zama kafin ya aika.

FidoNet ba ta mutu ba, ta dai ragu ƙwarai. Tashoshin da suka saura galibi suna haɗuwa ta intanet da binkp, tsarin da Dima Maloff ya fito da shi a rabin ƙarshe na shekarun 1990, kuɗin kiran nesa ya fita daga lissafi, manhajoji irin su HPT da Synchronet da Mystic suna gudana a injinan da ke da ƙwaƙwalwa dubban ninki na abin da DOS ya taɓa gani. Ƙunshin da suke miƙa wa juna kuwa yana nan a tsarinsa na shekarun 1980, ba gurbin tsawo, jerin waɗanda suka gani yana wutsiya. Kuma da yake wani ɓangare na masu sha'awar wannan fage sha'awarsu ita ce tayar da tsohuwar manhajar DOS yadda take, ta cikin kwaikwayon inji ko a kan tsohon ƙarfen kansa, ba a rasa manhajar rarrabawa ta 1994 a wani reshe na hanya, da yankin ƙwaƙwalwarta yadda mai ita ya saita shi. Shi ya sa masu tura dogayen takardu a zaurukan har yanzu suke yanka su gida-gida kafin su aika, suna rubuta na ɗaya cikin uku, na biyu cikin uku a taken, cikin gurbin nan na bayit 72.